Notin da Na Aika Ƙasar Ƙanƙara

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ban jin zai iya kwashe abin da ya faru da ni a shekarar kullen korona. Da wani hoto ya fara: tafin hannu cikin safa mai kauri, a kansa guntayen noti guda huɗu, kowanne ya tsinke a tsakiya, bayansu kuma fari fat har iyakar ganin ido.

Hannun saurayina ne. Tare muka yi karatu a ƙasar waje, a unguwar Setapak inda nake zaune har lokacin, kafin ya wuce Kanada, inda kulle ya ritsa da shi a gonar wani dattijo. Aikinsa share hanya da tarakta mai ɗauke da injin kwashe dusar ƙanƙara a baya. A ƙasan hoton ya rubuta: "Kin ga abin da ke wahalar da ni. Da injin ya ci karo da dutse sai notin ya tsinke, in sauko cikin sanyin nan in canza."

Ni kuwa a lokacin rabin kaina littattafan soyayya ne. Na taso da su a ƙarƙashin filo, na kuma yarda cewa masoyiya ta gaskiya ba ta jira a roƙe ta. Na ce wa ƙawata da muke ɗaki ɗaya zan nemo masa notin da ba ya karyewa har abada.

Ta ɗago daga kan taliyarta. "Wasu na aika turare, ke ƙarfe? Wallahi littattafan nan sun gama da ke. Ki tambaye shi mana tukuna."

"In na tambaya ai ya daina zama kyauta."

Washegari da hantsi na tafi unguwar Sentul, inda aka ce akwai shagunan kayan injuna. Ban taɓa ganin garin haka ba. Rana tsaka amma titi wayam, fitilun hanya suna ta canza launi ba motar da za su tsayar, hankaki sun jeru a kan teburan gidajen cin abinci da aka kife. Shago ɗaya na samu, ƙofarsa a ɗage rabi. Sai da na sunkuya na shiga.

Ciki duhu-duhu, warin tsohon mai. Na yi sallama sau biyu kafin na lura ashe akwai mutum zaune dab da ni, wani tsoho ɗan Sin, takunkumi ya rufe masa fuska sai idanu. Na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, ya buɗa shi da yatsa har kan notin ya cika fuskar wayar.

"Layi uku," ya ce, yana nuna wasu 'yan zane a kan notin. Ya jawo akwati ya zuba mini irinsa.

Na ce, "Ankul, wanda ya fi wannan ƙarfi nake so."

Ya fito da wani mai layi shida, ya ajiye, amma bai ɗauke hannunsa daga kai ba. "Wannan ba ya karyewa. Wancan kuwa don ya karye aka yi shi. In bai karye ba, wani abu zai karye a madadinsa."

Na ɗauka surutun tsofaffi ne. Na ce mai layi shidan nake so.

Ya ƙura mini ido. "Mai hannun nan," ya ce a hankali, "kina son shi?"

Na yi dariyar kunya a bayan takunkumi. Shi bai yi ba. Ya ƙulle mini masu layi shidan a leda, ya koma kujerarsa, kafin in kai ƙofa na waiwaya ban iya rarrabe shi da duhun ba.

Na naɗe su a hankici mai turare, na haɗa da wasiƙa shafi uku, na aika. Ko kalma ɗaya daga maganar tsohon ban saka ba.

Bayan makonni saƙon ya isa. Mai gonar yana kwance a killace, ba wanda zai duba. Shi kuma saurayin nawa wata biyu kacal ya yi a aikin, ya ga tsawo da kauri sun yi daidai, ya ɗaura. Ya kira ni ta bidiyo bayan na idar da sallar asuba, su can magariba ta kawo jiki. Ya kafa wayar a cikin taraktar.

"Gimbiya, yau kwana uku ko ɗaya bai tsinke ba. Me kika tofa musu?"

Ina cikin murmushi na ji ƙarar. Ba irin ƙaramar ƙarar da ya saba ba ni labari ba ce. Wani gurnani ne, sai ƙarfe ya yi kuka, gilashi ya tarwatse, wayar ta faɗo waje ta kalli sama. Daga nan ban ga komai ba sai sararin sama toka-toka, da ƙanƙara tana saukowa ɗaya bayan ɗaya tana rufe fuskar wayar. Taraktar tana ta ruri. Na kira shi har muryata ta dushe. Ƙawata ta riƙe ni, muna kallon farin nan yana ƙaruwa, har wayar ta mutu. Ba ni da lambar kowa a ƙasar.

Kwana biyu na yi ban san ko yana raye ba. A na uku ya kira daga asibiti. Injin ya haɗiyi wata sarƙa da ƙanƙara ta binne. Da notin ya tsinke, da injin ya tsaya cak, shi ke nan. Da ya ƙi, sai sandar da ke juya injin ta ɓalle, guntunta ya faso gilashin baya ya same shi a fuska. Idonsa na hagu ya tafi.

Na faɗa masa komai, har gargaɗin tsohon. Ya ce, "Ƙaddara ce. Ni ma ai ban duba ba." Bai taɓa zagina ba. Kiran ne dai ya riƙa raguwa, ni kuma na kasa kallon bandejin nan ba tare da kuka ba, har muka bar wahalar da juna.

Yanzu yana can, ya yi aure, yana da gareji na gyaran injunan gona. An ce mini ba ya barin kowa ya ɗaura noti sai ya kai kansa kusa da idon da ya rage ya ƙirga layukan.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ke karyewa ne yake neman gyara ba, wani kariya yake yi. Kuma so ba ya maye gurbin sani. Tambaya ɗaya ce ta rage mini a ranar, na ƙi yin ta don kada kyautata ta rasa armashi.