Ba Malam Lawal ne ya kashe injin ba

Malam Lawal bakanike ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune ina jiran shayi ya huce. Babban ɗansa ne ya kira daga Faskari, ya ce jiya ne bayan azahar, har an kai shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shayin na nan har yanzu, na kasa sha.

Na ga mutane sun fara sa hotonsa suna faɗin alherinsa. Ni ma ina da abin faɗa, amma nawa da kunya a ciki, kuma na kusa shekara hamsin ina danne shi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

A shekarun da kuɗin man fetur suka buɗe a ƙasar nan, kowane Alhaji ya yi mota, Malam Lawal ne bakaniken da ake ji da shi a Kankara. Garejinsa na bayan tasha, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ni kuma saurayi ne mai rawar kai, direban a-kori-kurar Alhaji Mamman, mai sayen auduga a Daudawa. Mota dal, ko ledar kujera ba a cire ba. Auduga da hatsi nake ɗauka tsakanin Daudawa, Sabuwa da kasuwar Kankara.

Malam Lawal ya girme ni da kusan shekara goma, amma bai taɓa nuna mini ba. Shi ya koya mini ɗora sukundireba a jikin inji, in kara kunne a ƙotar in ji abin da ke damunsa. In na same shi yana shan fura, sai ya turo mini ludayi. Wata damina ruwa ya kashe mini mota kusa da Ketare, ya hau babur ya zo cikin ruwan nan, ya tayar da ita, ya koma a jiƙe sharkaf.

To a lokacin akwai wani hauka da ya shigi direbobi: wa ya fi gudu, motar wa ta fi kuka in ta shigo tasha. Wani ya zo mana da labarin wai Turawa da gangan suke shaƙe inji da iya-kilina, wato tukunyar nan da ke zaune a kan kafireta. Ta wancan zamani da mai a gindinta, iska ta bi ta kansa, ƙasa ta maƙale a ciki, injin ya sha iska mai tsabta. Aka ce in ka cire ta ka sa bututu mai faɗi, mota sai ta tashi sama.

Na tafi wajen Malam Lawal da zumuɗina.

Na ce, "Malam, so nake a cire mani tukunyar ga, a sa bututu, injin ya sha iska ya ƙoshi."

Ya ce, "Jar ƙasar hanyar Sabuwa fa, wa zai tare maka ita?"

Na ce, "Ragar rariya zan ɗaura a bakin."

Ya yi dariya har sai da ya ajiye sifana. Ya ce, "Bishir, halan ba ka taɓa tsayawa ka ga mata na tankaɗe ba? Rariya ai tsaki take tarewa, garin shi ke wucewa. Ni dai ba da hannuna ba."

Na ji haushi. A raina na ce tsoho ne tun bai tsufa ba.

Na wuce Faskari wajen wani mai walda, ya lanƙwasa mini bututu, na yanko raga daga rariyar gidanmu na ɗaure da waya. Tukunyar kuma na ɓoye ta bayan kujera.

Gaskiya motar ta yi kuka. In na taka totur a bakin tasha, masu rake har juyowa suke yi. Ko ta ƙara gudu ko ba ta ƙara ba, Allah masani, ni dai kaina ya kumbura. Duk kakar audugar nan haka na yi ta bin hanyar burji, motar gabana na tayar da ƙasa, tawa na shanyewa.

Ga inda rashin kunyar take. Duk ranar da zan kai sabis, sai in tsaya a hanya in cire bututun, in mayar da tukunyar. In na baro garejin in sake sauyawa.

Motar ta fara hayaƙi. Ta fara shan baƙin mai kamar ruwa. Wata ranar Talata motar ta mutu mini murus kafin in shiga Sabuwa. Kafin a zo ja, na mayar da tukunyar, na cilla bututun cikin daji.

Alhaji Mamman ya tambaye ni, "Wa ke taɓa motar ga?"

Na ce, "Babu mai taɓa ta sai Malam Lawal."

A garejin, gaban jama'a, aka buɗe injin. Malam Lawal ya sa yatsa a maƙogwaron kafireta, ya fito da shi ja jawur. Ya buɗe tukunyar, ya ga man ciki garau, kamar yau aka zuba. Sai ya ɗago ya dube ni.

Wallahi har yau ina ganin idon nan.

Alhaji na ta faɗa, yana cewa motar da ko shekara ba ta yi ba an kashe mashi ita, an ba shi jabun kaya. Ni ina tsaye ina kallon takalmina. Malam Lawal ya goge yatsan a wandonsa, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Saura sati uku a ɗaura mini aure a lokacin. Da ya buɗe baki, da aikina ya tafi, wataƙila da auren ma. Ban taɓa tambayarsa ko dalilin ke nan ba. Ranar ɗaurin auren sai ga shi a kan babur ɗinsa, ya ba ni hannu, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya.

Alhaji ya kwashe motocinsa daga garejin. Abokansa suka bi. 'Yan tasha kuma, kun san bakinsu, suka laƙaba masa suna: Lawal Kashe-inji. Sunan ya bi shi. Ni ma na taɓa kiransa da shi a cikin direbobi, na yi dariya da ƙarfi, don kada wani ya zarge ni.

Bai shekara biyu ba ya tattara ya koma Faskari, yana gyaran injin niƙa da na ban-ruwa. Mutumin da ke gane ciwon mota tun tana nesa.

Ni kuwa na ci gaba. Na yi motar kaina, na yi ta biyu, na je Makka. Duk sallah ina aika masa da shadda da buhun shinkafa, ina yaudarar kaina wai na yi wani abu. Mutane na cewa Alhaji Bishir akwai zumunci.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan babbar sallar da ta wuce ne. Na tafi takanas, na ce yau sai na faɗa. Na same shi kan tabarma a ƙofar gida, ido ya tafi, ba ya gani sosai. Ban ko kashe mota ba ya ce, "Bishir ne? Iya-kilinarka ta toshe, motar ga numfashi take da kyar. Ka sauya ta."

Na zauna, muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Na tattaro ƙarfina na ce, "Malam, maganar motar Alhaji Mamman..."

Ya juyo da kunnensa wajena, ya ce, "Ina jinka."

Sai aka kira la'asar. Kuma ni, tsoho da furfura, daɗi na ji. Na ce, "Bari mu yi salla, na dawo wani lokaci mu yi maganar a tsanake."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Na riƙe masa hannu har masallaci.

Ban koma ba. Na ce hanya ba lafiya, na ce ƙafa na ciwo. Waya kuwa tana aljihuna kullum.

Don haka yau zan faɗa a nan, inda kowa zai gani. Ni Bishir na kashe injin Alhaji Mamman. Ni na cire iya-kilina bayan an hana ni, ni na yi ƙarya, ni na bar bawan Allah ya ɗauki laifina har kabari. Malam Lawal bai taɓa sa jabun kaya a motar kowa ba.

'Ya'yan marigayi Alhaji Mamman, na san wasunku na karanta ni. Tsofaffin 'yan tashar Kankara da ba su da waya, don Allah wanda ke kusa da su ya karanta masu. Sunan nan da aka laƙaba masa, a daina. In dole sai an kira wani da shi, ga ni.

Allah ya jiƙan Malam Lawal, ya haskaka makwancinsa, ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zama nauyi a mizaninsa. Allah ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ya ba iyalansa juriyar rashi.

Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce.

Gobe da safe zan tafi Faskari ta'aziyya, in zauna gaban 'ya'yansa in maimaita wannan da bakina. Su ne suka tashi ana kiran ubansu da wancan suna. Ku roƙa mini Allah kada in sake tashi ban faɗa ba.