Tsagar da ke Bayana

Gawayi na ƙona tun ina saurayi, ga taba a baki. Ban kai tsufa ba ƙirjina ya toshe. Daga ɗaki zuwa zaure sai na tsaya na dafa bango. Tari ba rani ba damina.

Gonar gero gare ni gabas da garinmu, wajen Bazaga. Damina biyu ban taka ta ba. Ƙanena ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, bana in ba ka iyawa, in ba da ita aro." Na san aron gona a garinmu. Ba ta cika dawowa ba. Na ce ya jira ruwa ya sauka.

Aka ɗora ni a amalanke zuwa Ƙonni. Majo, babban mai jinya na asibitin, ya saurari ƙirjina ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a sassauta shi. Ya ba ni ƙwayoyi, ya hana ni taba da hayaƙi. Sannan ya ɗauko wani akwati kamar ƙaramar rediyo, mai wayoyi da 'yan faifan roba. Ya ce wurin likitocin Sin ya koyi aikin. Akwai wurare a jiki da in aka taɓa su da wutar batir, numfashi kan ɗan sake. Ya ce wasu yana yi musu, wasu ba ya yi.

Ya manna mini a baya, ƙasan wuya. Ji na yi kamar tururuwa na yawo cikin nama. A zuwa na gaba na lura na kai bakin titi ban tsaya ba.

Sai aka yi wa majo canjin wurin aiki. Kafin ya tafi ya ba ni aron tsohon akwatin, ya koya wa matata, ya ɗiga wuraren da biro a bayana. Ya ce mata, "Nan da nan. Kar ki kuskure."

Lokacin bazara ne. Na daina wanke baya, amma gumi bai daina ba. Ba a jima ba matata ta ce, "Malam, tabon na gudu. Ɗaya ma sai na ƙura ido." Ba mu da biro, kuma ko da shi, kullum sai ɗigon ya ɗan gusa.

Na aika a kira wanzami. Taubashina ne.

"Ƙaho za a yi, ko gawar za a aske?" in ji shi.

"Tsaga. Inda ka ga baƙin nan, nan za ka yanka. Ka kauce, in mutu in biyo ka."

"Kai da ba ka kai zaure, ina za ka kamo ni?"

Matata ta riƙe masa wurin da ɗan yatsa. Ya tsaga ƙanana, ya goga baƙin tukunya. Ya ce bai taɓa yi wa ƙato mai gemu kwalliyar 'yan mata ba. Sai da wurin ya warke sarai muka mayar da wuta.

Daga nan kowace safiya ina zaune a kan turmi, tana bayana tana murɗa akwatin. Da batir ya mutu, muka zare na rediyo. Na fara kai zaure, na fara kai masallaci. Ko wutar ce, ko ƙwayoyin, ko barin taba, ban sani ba. Ban tambaya ba.

Ruwan shuka ya sauka. Da safe na fita gona da ƙafata. Na huta a hanya, ban ɓoye ba. Sungumi ya fi ƙarfina, ƙanena ya karɓa yana sara rami. Ni na bi bayansa da ƙwaryar iri, ina zubawa ina rufewa da diddige, cikin mata. Wanzami ya wuto a kan jaki ya ɗaga murya, "Sannu da aiki, amarya!"

Ban amsa ba, numfashin na shuka ne. Da muka kai ƙarshen layi ƙanena ya juyo ya dube ni, ya kama layi na gaba. Maganar aro ba ta sake tashi ba.