Zanar da aka gitta tsakaninmu

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba wani Alhaji mai fataucin hatsi ya buɗe wurin matsar man gyaɗa a bayan kasuwar Dakoro, ya sa masa suna izin, wato masana'anta da Faransanci. Mu mata goma sha biyu ya ɗauka, ni ce babba. Ya yi wa mutanen Maradi alkawarin tono ashirin na mai, wato manyan ganguna, kafin ruwa ya yanke hanya.

Mun cika shida lafiya lau, sai ya kawo ɗan ƙanensa da ya yi lakwal, wato boko, wai shi ne shef, shugaban aiki. Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Mutum ya zagaya wurin suya sau uku bai ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna ba.

A wurinmu, wadda ta soya ita ke matsa. Ita ta san ko gyaɗar ta bushe sosai irin ta garin Adjekoria, ko da sauran laima, don haka ta san ruwan zafin da za ta zuba a turmi. Shef kuwa ya raba mu uku: masu suya, masu niƙa, masu matsa. Ya gitta zana tsakaninmu, wai surutu ke cin lokaci. Ya rataye guntun ƙarfen mota. In ya duba agogo ya buga, a sauke gyaɗa, ta soyu ko ba ta soyu ba.

Na ce, "Ɗana, agogon nan yana jin ƙamshi?"

Ya ce, "Inna, haka ake yi a Maradi."

Mai ya ragu. Tunkuza na fita da maiƙo jagab. Na zuba ido in ga wa zai ɗora wa, don na san ba kansa ba. Ranar Laraba kuwa ya ce wa Alhaji mata na fita da mai a cikin zane, a riƙa caje mu a bakin ƙofa, a fara da ni.

Ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba.

Na tare Alhaji a gaban kowa. Na ce a kawo buhu guda a raba biyu, rabi a bi ƙarfe, rabi a bar mu da hannunmu, shi Alhaji kuma ya zauna nan kan turmi kada ya motsa. Ya zauna har la'asar, hayaƙi na sa shi hawaye. Da aka auna, namu ya fi da kwalba huɗu.

Alhaji ya share ido ya ce, "Yaya, ku koma yadda kuka saba."

Na ce ba wadda za ta hura wuta sai wanda ya kira mu ɓarayi ya janye da bakinsa. Shef ya tsaya yana kallon takalminsa, ya faɗa can ƙasa-ƙasa. Na ce masu niƙa ba su ji ba. Ya sake.

Kamiyo, babbar motar kaya, ya tashi zuwa Maradi da tono goma sha bakwai, ana yayyafi.