Kiɗan Gindin Tsamiya

Ranar kasuwar Kurfi ce, kwana goma da zuwana hutu gidan kakanni daga Dutsin-Ma, a damunar da na gama aji huɗu na firamare. Rana ta take tsaka, gonaki sun yi tsit saboda kowa ya tafi cin kasuwa, ni kuwa ina tafe tsakanin kunyoyi da ƙwaryar fura a ka zan kai wa Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, wanda ke tsaron gero. Geron ya shanye ni, ba na ganin komai sai kara da sama. Ban kai ga tsamiyar da ke tsakiyar gonar ba na ji wani abu ya taso. A ƙirjina na fara jin sa kafin kunne. Wani gurnani ne mai sauri kamar injin niƙa ya haɗiye dutse, ganguna na bin sa a guje, sai kuma murya ta fashe a kai, irin muryar da ban taɓa jin ta fito daga maƙogwaron ɗan Adam ba. Tsuntsayen jan baki suka tashi daga kan zangarniya gaba ɗaya har inuwarsu ta rufe ni. Kakata kullum takan ce, "Tsakar rana ba ta mutane ba ce, balle gindin tsamiya." Na tuna da maganar, na tsaya cak, fura na tsiyayo mini ta wuya.

Da na daure na leƙa, sai ga Kawu a gindin itacen, ya ajiye hula gefe, ya runtse ido, yana kaɗa kai sama da ƙasa kamar zai cire shi daga wuya. Wata baƙar rikoda na rataye a reshe, daga cikinta abin ke fitowa. Ya buɗe ido ya gan ni ina leƙe, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Zo nan, Hansai, mutane ne irinmu," in ji shi. "Haushi kawai suke ji, sai suka maishe shi kiɗa."

Kawu Sale mai gyaran rediyo ne, yana da 'yar rumfa a bakin kasuwar Dutsin-Ma, da damina kuma yakan rufe ta ya dawo Kurfi ya taya mahaifinsa noma. Mutum ne mara yawan magana da mutane, amma mai yawan magana da rediyo. In yana gyara za ka ji yana lallashinta, yana tambayarta inda ke mata ciwo, wani lokaci har ya yi mata faɗa. Ga shi ya haura talatin bai yi aure ba. Saboda haka tun kafin wannan damuna akwai masu kallon sa a kaikaice. Rikodar kuwa wani Bature ne cikin masu aikin hanya ya kawo gyara, aka tashe su bai dawo ya karɓa ba, da kaset ɗinsa a ciki. Rubutun jikin kaset ɗin duk tsini ne kamar ƙayar aduwa, ni da nake taƙama da karatun boko ban iya fitar da harafi ɗaya ba. Kawu ya ce daren farko da ya kunna ya kusa jefar da ita, amma kafin sati ya zagayo ya haddace inda kowace ganga ke faɗawa.

Tsaron gero aikin yara ne, kuma babu wanda muka tsana kamarsa. Ana ɗaura igiyoyi daga rumfa zuwa kusurwoyin gona, a rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, ka wuni kana ja kana ihu har muryarka ta dushe, tsuntsayen kuma su tashi su sauka bayanka kamar suna yi maka dariya. Kawu ne ya gano cewa kaset ɗin Bature ya fi gwangwani ɗari, sai ya karɓi tsaron daga hannun yara. Da ya murɗa sifika sai gona ta zama fayau. To amma ni na san ba don tsuntsaye yake kunnawa ba, kuma kafin kwana uku ni ma ba don fura nake zuwa ba. Na daina 'yar carafke da yaran maƙwabta, na daina jiran gaɗar yamma. Da safe sai in yi surfe da gaggawa, in ɗebo ruwa, in kai awaki bakin rafi in ɗaure, duk don a ce, "Hansai, kai wa kawunki." Na koyi shanya batir a kan dutse rana ta gasa shi ya ƙara rai, na koyi mayar da zaren kaset da biro don kada rikoda ta ci wuta. Akwai wata waƙa da ke farawa a hankali, jita ɗaya tana kuka siriri kamar ana kiran wani daga nesa, har ka saki jiki, sannan komai ya rufto lokaci guda. Wannan wurin nake jira. In ya zo sai in fizge ɗankwali in shiga kaɗa kai tare da Kawu har kitsona ya warware, in faɗi a ƙasa ina haki, sama na juyawa. A gida ni yarinya ce da ake cewa ta yi shiru, ta zauna da kyau, ta sunkuyar da kai. A gindin tsamiya babu mai ce mini komai. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Wata tsohuwa mai tsintar itace ce ta gan mu. Mu ba mu gan ta ba, sai daurin itacenta da muka tarar a yashe a kan hanya, da takalminta ƙafa ɗaya. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. An ga Sale da jikar Malam a gindin tsamiya da tsakar rana, kai ba hula, kai ba ɗankwali, suna bugun iska da kawuna, ga muryoyi na fita daga cikin itacen. Duk wanda ya taɓa ganin mai iskoki ya faɗi ya san yadda kai ke yi. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu daga kusa da ni, kakata ta rungume ni tana tofa mini addu'a a ka.

Bayan la'asar kakana, wanda muke kira Baba Malam, ya tara ƙannensa biyu da liman a zaure. Maganar da ke gabansu ɗaya ce: ko a kai Kawu wurin wani mai magani da ke wani ƙauye bayan Wurma, inda ake sa ƙafafun masu taɓin iska a turu a yi musu hayaƙi, ko a bar shi. Ina laɓe a bayan asabari ina jin komai. Kawu bai tsorata ba, har murmushi na ji a muryarsa. Ya ce kiɗa ne kawai na Turawa, bari ya kunna su ji da kunnensu. Abin da ya manta shi ne batiran sun wuni suna aiki, kuma ba a shanya su ba. Da ya danna, zaren ya riƙa tafiya da ƙyar. Gangunan da na sani masu gudu suka koma kamar ana buga ƙofa daga cikin rijiya, muryar kuma ta ja ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta zama nishin bijimin da aka yanka bai gama mutuwa ba. Ni da na san waƙar kamar tafin hannuna sai da tsigar jikina ta tashi. Liman ya ɗaga murya ya fara neman tsari. Yana kai ƙarshen addu'ar, rikodar ta yi wani ƙara ta tsaya cak. Ƙanin kakana ya ce a hankali, "Wanga ba kiɗa ba ne. Muryarsu ya ɗauko."

Sai na ji Kawu ya ce, "Ku kira Hansai. Ita ta san yadda yake in batir na da rai."

Aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, idona na kan dorinar da ke rataye a ƙusa sama da kan Baba Malam. Bai taɓa dukana da ita ba, amma na ga abin da ta yi wa bayan yayana. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Jikata, kada ki ji tsoro. Mi ya faru a gona? Ke da kanki kika tuɓe ɗankwali kina rawa gaban namiji kamar ɗiyar da ba ta da mafaɗi, ko kuwa ji kika yi an kama ki?" Shekarata goma, amma na gane hanya biyu ya shimfiɗa mini. Ɗaya akwai bulala da kunya da saƙo zuwa wurin mahaifina a Dutsin-Ma. Ɗaya kuwa babu komai a kanta sai tausayi. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ji na yi kaina na juyawa da kansa." Ban ƙara ko kalma ba, kuma ba a nemi ƙari ba. Kawu ya dube ni. Bai harare ni ba, bai ce na yi ƙarya ba. Ya dai dube ni kamar yadda yake duban rediyon da ya buɗe ya ga ba ta gyaruwa, sannan ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi suka tafi da shi, da ƙafarsa ya hau mota. Aka ƙone kaset ɗin a bayan gida, zaren ya riƙa nannaɗewa cikin wuta, wata maƙwabciya ta rantse ta ji yana kuka. Ni kuma aka wanke mini rubutu na sha kwana bakwai, aka yanka mini kaza, kakata na ba ni tsoka a baki tana cewa Allah ya tsare mata ni. Na ci kazar nan tas, wannan ma ba zan ɓoye ba. Gonar kuwa babu yaron da ya yarda ya sake zuwa tsaro, jan baki suka cinye rabin geron, aka ce ai dama mutanen tsamiya sun karɓi rabonsu.

Kwana arba'in Kawu ya yi a wurin mai maganin. Na riga na koma makaranta, sai da aka yi hutun gaba na gan shi. Ya rame, idon sawunsa biyu da zobe na fata mai sheƙi, idanunsa kullum suna ruwa saboda hayaƙin da ya sha. Kowa na cewa an dace, Sale ya samu lafiya, don ya daina magana shi kaɗai. Gaskiya ne, ya daina. Bai sake buɗe rumfarsa ba, bai sake taɓa rediyo ba, ko labarai ake ji sai ya tashi ya ba da wuri. Ya yi aure, ya yi noma, ya haifi 'ya'ya, ya zama mutumin da ba a jin kansa. In na gaishe shi yakan amsa da fara'a ya tambayi karatu. Sau ɗari na shirya maganar a bakina, sau ɗari na haɗiye ta.

Yau ni ma na yi furfura, ina aikin jinya a Dutsin-Ma, kuma har yanzu ban rabu da kiɗan nan ba. Sai da waya ta zo hannu na san sunansa tarash metal, na san cewa masu kaɗa kai irin namu sun cika filaye a ƙasashen duniya, babu mai kai su ko'ina. Ina jin na yaran yanzu, hannunsu ya fi sauri, sautinsu tas kamar an wanke, har mata na ji suna wannan gurnani, abin ya burge ni. Amma ga na da nake komawa, masu ƙura-ƙura a sauti, waɗanda kake ji kamar a ɗaki ɗaya aka kulle su da haushinsu. 'Ya'yana na yi mini tsiya, wai Mama da hijabi da carbi tana jin kiɗan mahaukata. Ina barin su su yi dariyarsu. Shekaru na yi ina bin tsofaffin waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, har ran nan ina wanke-wanke na ji jita ɗaya ta fara kuka siriri. Kwanon da ke hannuna ya faɗi.

Ranar Juma'ar da ta biyo na hau mota zuwa Kurfi. Na same shi a zauren nan dai, a kan buzun Baba Malam, shi ne babba a gidan yanzu. Kakana da ƙannensa da liman da tsohuwa mai itace duk sun daɗe a ƙasa. Na durƙusa na ce, "Kawu, ƙarya na yi ran nan. Da kaina na yi rawa." Ya ce, "Na sani, Hansai. Yarinya ce ke." Sai na sa masa abin ji a kunne na kunna. Jitar ta yi kukanta, na ga yatsunsa sun fara motsi a kan gwiwa, suna faɗawa daidai inda ganga za ta faɗa tun kafin ta iso. Wuyansa ya ɗan sunkuya sau ɗaya. Sai ya fizge abin daga kunnensa, ya juya ya kalli ƙofar zaure, ya kama hannuna da ƙarfi.

"Kashe," in ji shi da raɗa. "Kashe, kada su ji."

Babu kowa a ƙofar, sai rana da ta take tsaka. Na kashe. A da muna da kaset ɗaya da batir mai mutuwa, muka cika gona da ƙara. Yanzu duk kiɗan duniya na cikin tafin hannuna, amma ba ni da wanda zan ji shi da shi. Ya yafe mini, sai dai yafiya ba ta kwance turu.