Goruba Talatin da Uku na Lawwali

Lawwali bai taɓa mallakar ko akuya ba, amma shekara talatin ke nan ba a yanka san watanda a Kamarawa ba sai naman ya bi ta hannunsa. Idan jajiberin salla ya zo, magidanta suka haɗu suka sayi bijimi, aikin mahauci yanka da fiɗa ne kawai. Kasawa ta Lawwali ce. Zai tsuguna gaban tabarma, ya naɗe hannun riga, ya yi ta ɗauke tsoka daga wannan kashi yana kai wa wancan, har yunwarmu ta koma haushi. Ni kaina na sha yi masa tsawa, ko ɗago kai ba ya yi. Amma in ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ɗauki duk kashin da ka ga dama, ba za ka yi sha'awar na maƙwabcinka ba. Abin alfaharinsa guda ne a duniya: ba a taɓa tashi daga rabonsa wani yana ƙorafi ba.

Babbar 'yarsa Kausar malamar gona ce a garin Isa. Bara aka ba ta aikin lissafa iskar da garinmu ke fitarwa, irin mai ɗumama duniya, ta gano kowane ɓangare kashi nawa yake da shi cikin ɗari. Wata biyu tana yawo da littafi. Ta tambayi mata damin itace nawa suke ƙonawa, ta tambaye mu manoma taki da ƙona gona. Makiyaya kuwa, duk wanda ta tambaya shanunsa nawa sai ya ce alhamdulillahi, dole ta je mashaya ta ƙirga daga nesa. Da ta gama aka ce ta bayyana wa jama'a. Ta san mu sarai, da an buɗe takarda gyangyaɗi muke farawa. Sai ta samo goruba ɗari a buhu, ta roƙi mahaifinta ya kasa mana su mu gani da ido.

Aka taru a filin firamare bayan la'asar. Kausar tana karantawa, Lawwali yana kasawa a kan tabarma. Kiwo arba'in da huɗu. Murhun girki ashirin da takwas. Gona goma sha tara. Babura da motoci tara. Na lura sau biyu yake ƙirga kowane kashi, don bai taɓa yin kashi huɗu wani ya fi wani ba.

Abbas, shugaban 'yan kabu-kabu, shi ya fara miƙewa. "Tara kacal? Lawwali, mi munka yi maka? Mu ka ɗaukar ku zuwa Isa cikin rana da ruwa!"

Inna Safiyatu mai ƙosai ta ce ita kaɗai wutar da take hurawa ta isa ashirin, a ƙara wa mata. Mu ma manoma muka tayar da jijiyar wuya. Attahiru kawai, dattijon makiyaya, yake murmushi. Har ya ɗauki goruba ɗaya daga babban kashinsa ya kai baki.

Kausar ta ɗaga hannu. "Jama'a, ku tsaya! Wanga ba tallahi na ba. Wanda yaf fi yawa, shi yaf fi ƙara muna zahi." Ta yi bayanin hayaƙin itace da na babur, da iskar da ke tashi daga taki, da wadda ke fita idan saniya ta yi gyatsa.

Attahiru ya mayar da gorubar da ya gatsa, ya juya gefen haƙoran ƙasa.

"Shanuna ba su gyatsa," in ji shi. "Masu ladabi na."

Nan take rigima ta juya. Abbas da ke neman ƙari ya ce tara ma zalunci ne, rabin baburansu turawa ake yi. Mata suka ce wa ke cin tuwon in an dafa? Kowa yana tura kashinsa da ƙafa zuwa na wani. Ba zan ɓoye ba, ni ma na shura guda biyu wajen makiyaya. Cikin wannan hayaniya Inna Safiyatu ta nuna shi da yatsa ta ce, "Lawwali, yau kam ka yi son kai."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗi haka ba, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Can sai ya shimfiɗa gaban babbar rigarsa a ƙasa, ya dubi Attahiru.

"Nawa kaka iya ɗauka, ranka bai ɓaci ba?"

Attahiru ya ce talatin. Lawwali ya kwashe sha huɗu ya zuba a rigarsa. Mata suka sauke goma, mu muka sauke bakwai, Abbas ya miƙo biyu yana sosa ƙeya. Lawwali ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai mai sauran ƙorafi. Babu. Mutumin da bai da saniya, bai da babur, gonarsa ko jaki ba zai ƙoshi da kararta ba, ya tashi da kashi talatin da uku cikin ɗari na iskar Kamarawa.

Kausar ta matso ta rage murya. "Baba, takardata ba ta da wurin sunanka."

"Takarda taki ta, rubuta gaskiya," ya ce. "Tabarma tawa ta."

Haka aka yi. Ita ta kai lissafinta na ainihi ofis, shi kuma ya tafi gida rungume da goruba yana tafiya a tattale. Tun daga ranar, duk sa'ad da zafin bazara ya tsananta, mutane kan tsayar da shi a hanya su ce, "Malam Lawwali, ka ji tsoron Allah ka rage." Shi kuma ya amsa da gaske, "Ina ƙoƙari." Da ruwa ya yi jinkiri bana, har wakilai aka tura masa, ya ba su haƙuri.

Kwanan baya ina zaune a zaurensa Kausar ta zo gaishe shi. Yana zaton gyangyaɗi nake, sai ya tambaye ta a hankali.

"Ɗiyata, tsakaninki da Allah, nawa nawa na?"

Ta yi dariya. "Baba, ko ɓawon goruba guda ba ka kai ba."

Ya gyaɗa kai, ya leƙa ƙofa ya ga ba mai wucewa.

"To, kada ki hwaɗa ma kowa. In sunka ji, sai sun karɓi abinsu su koma hwaɗa."