Jabez Murgatroyd da Mutum na Goma Sha Huɗu

A garin Skelthorpe, inda rabin maza ke shiga ramin kwal, rabi kuma masaƙa, babu wanda bai san Jabez Murgatroyd ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara sauka rami. Ranar Asabar in an fito, sai ya wanke fuska ya nufi filin wasan ƙwallon zari-ruga, har ranar da gwiwarsa ta goce a shekarar 1902. Ƙungiyar garin ba ta so rabuwa da shi ba, sai ta ba shi aikin horar da 'yan wasa.

Aikin ba shi da wani girma a lokacin. Kwamiti ke zaɓen mutum goma sha ukun da za su buga. Nasa shi ne ya sa su gudu, ya murza musu ƙafafu da mai, ranar wasa kuma ya tsaya bakin fili da bokitin ruwan sanyi da soso. Doka ba ta yarda a canza ɗan wasa ba. Wanda ya faɗi, ko ya tashi ko a ƙarasa da sha biyu. Saboda haka gwanin mai horarwa shi ne wanda ya iya tayar da mutum, Jabez kuwa ya iya.

Ned Sugden, ƙanin matarsa Hetty, ya fi kowa gudu a ƙungiyar, ya kuma fi kowa baki.

"Mijin Yaya, wannan soson naka gadon kakanka ne? Warinsa kaɗai ya isa ya tashi gawa."

"Kai dai riƙe ƙwallo, sarkin surutu. Wancan makon na ga ka sake ta kamar an miƙa maka garwashi."

Wata Asabar cikin Janairun 1909 fili ya daskare saboda sanyi. Saura minti ashirin, Skelthorpe na gaba da maki biyu, aka ɗaga Ned aka buga kansa da ƙasa. Jabez ya ɗingisa ya isa wurinsa, ya matse masa ruwa a ƙeya.

"Ned, ina muke yanzu?"

Ned ya yi murmushi. "Ba yau ne ɗaurin auren Yaya ba?"

Shekara tara ke nan da yin auren. Jabez ya ji sarai. Ya kuma ji ihun mutum dubu shida a bayansa. Sai ya ɗaga shi, ya kama kafaɗunsa ya juya shi.

"Can za ka nufa. Maza."

Kafin a tashi aka sake buge shi. Skelthorpe ta ci wasan. Ned bai ƙara shiga rami ba. Hannunsa na dama ya mutu, magana ta koma sai kalma ɗaya ko biyu. Hetty ta shimfiɗa masa gado a ɗakin gaba. Sau ɗaya ta tambayi mijinta.

"Da ka je kansa, ya san inda yake?"

"Bai sani ba."

Ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma sake taka filin ba.

A 1913 aka naɗa Jabez sakataren ƙungiya, don rubutunsa na da kyau kuma ba ya shan giya. Tun daga wannan shekarar, duk taron shekara na ƙungiyoyin yankin sai ya miƙe da buƙata guda: a yarda kowace ƙungiya ta ajiye mutum ɗaya a gefe, wanda zai maye gurbin wanda ya ji rauni. Mista Crowther, mai masaƙa kuma shugaban ƙungiyarsu, shi ke fara amsa masa.

"Murgatroyd, in aka buɗe wannan ƙofa, duk ragon da ya gaji sai ya kwanta ya riƙe ciki. Wasan maza muke yi."

"Ranka ya daɗe, zo gidana ka ga namiji."

Sai a yi dariya a kaɗa ƙuri'a. Shekarar farko mutum uku suka bi shi. Akwai shekarar da suka kai tara, daga nan suka yi ta raguwa. Aka laƙaba masa suna Na-sha-huɗu. Abin da ya fi ɗaure masa kai, 'yan wasan ma ba su goyi bayansa ba. Kowa na tsoron wanda za a zaunar a gefe ya shiga ya fi shi.

A watan Maris na 1934 Skelthorpe ta kai zagaye na uku na gasar kofi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ana tsakiyar wasa Alf Tordoff, mahaƙin kwal mai 'ya'ya uku, ya sha gwiwa a kunne ya kife. Mai horarwa na lokacin ya tashe shi, Alf ya yi taku biyu ya nufi inda ba kowa. Jabez, yana da shekara sittin da uku, ya sauko daga mazaunin kwamiti da sandarsa, ya ratsa fili, ya riƙe masa hannu.

"Baba Jabez, sake ni, lafiyata lau!"

"Na sani. Zo mu je."

Crowther na ta daka masa tsawa daga sama, 'yan kallo na jifansa da laka da ɓawon lemo. Bai waiwaya ba. A ɗakin canjin kaya Alf ya yi ta amai. Da mutum sha biyu aka ƙarasa, aka cinye su.

Ranar Litinin kwamiti ya gode wa Jabez bisa hidimar shekara talatin da biyu, ya ba shi agogon bango, ya karɓe makullan ofis daga hannunsa. Ranar Alhamis aka manna sunayen masu buga wasan Asabar a tagar shagon mahauci, sunan Alf na ciki. Jabez ya je gidansa. Matar Alf ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah ka bar mu. In bai buga ba, wani zai ɗauki rigarsa."

Ya ɗaga mata hula, ya koma gida lokacin ba Ned abinci.

A taron wannan shekarar babu wanda ya miƙe da maganar. Jabez ya mutu a 1938, doka tana nan yadda ya same ta. Ned ya ƙara shekara biyu a ɗakin gaba, Hetty na jinyarsa ita kaɗai.