Bencin Gindin Mangwaro

Ina sakandare a Lafia aka yi wa ƙungiyar matan unguwarmu alkawarin tallafin haƙa rijiya, amma sai ta asusun banki. Ma'aikacin banki ya zo ganin ofishinsu, Mama ta nuna masa benci a gindin mangwaro.

Ya ce, “Hajiya, bishiya ba adireshi ba ce. Doka ta ce mu san inda kuke, saboda ɓarayi na fakewa da ƙungiyoyi.”

Washegari aka shigar da bencin ɗakina, aka jingine katifata bayan ƙofa. Ya dawo, ya leƙa, ya amince a buɗe asusun. Bencin jiya ne, mai ƙusa a gefe, matan ma su ne. Har yau ban gane abin da ya gani ba.